Zauren Makka Bayan Shekara Ashirin

Tsakanin filin jirgin saman Sultan Iskandar Muda da birnin Banda Aceh akwai wani fili a bakin titi, ciyawa ta lulluɓe shi kore shar, ga bishiyoyi jefi-jefi. Ba don direban da ya ɗauko ni ya rage gudu ba, da na wuce ina zaton wurin shan iska ne. Ya gangara gefe, ya kashe mota, ya ɗaga hannu ya yi Fatiha. Sai da ya shafa sannan ya juyo ya ce, "Pak, nan ne Siron. Mutum fiye da 46,000 ne kwance ƙarƙashin ciyawar nan."

Na fito na tsaya a bakin ƙofa. Babu tudun kabari ko ɗaya, babu allon suna, babu dutsen da aka kafa don a gane makwancin wani. Da manyan motoci aka riƙa kawo su, da katafila aka tona ramukan, domin masu haƙar kabari ma suna cikin waɗanda ake binnewa. Ya ce mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu ruwa ya tafi da su, bai ga gawar ko ɗaya ba. Ko suna nan, ko suna ɗaya babban kabarin da ke Ulee Lheue a bakin teku, Allah kaɗai ya sani, saboda haka duk wanda ya bi ta gabansa cikin biyun sai ya tsaya. Ya faɗi haka muryarsa ba ta canza ba, ya tayar da mota, ya tambaye ni ko na karya kumallo.

A watan Disamba na 2024 na yi wannan tafiya, kuma da tambaya na je. Wata uku kafin nan madatsar ruwan Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye Maiduguri, na je na taya 'yan'uwa kwashe taɓo daga ɗakuna. Maganar da na ji ana ta maimaitawa a can ita ce, ba mu gama da yaƙi ba ga ruwa. Na dawo gida tana yi mini yawo a ka. Garin da bindiga ta ci, ruwa ya zo ya ƙara masa, yana sake miƙewa kuwa? Wurin da na san masifun nan biyu sun haɗu masa a lokaci guda shi ne lardin Aceh, can ƙuryar arewacin tsibirin Sumatra na ƙasar Indonesiya. Kirarinsa Serambi Mekkah, wato Zauren Makka, domin nan ne zangon ƙarshe na alhazan tsibiran kafin jirgin ruwa ya tsallaka da su Jidda.

Ranar Lahadi 26 ga Disamba 2004, gab da ƙarfe takwas na safe, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku yamma da Sumatra da ƙarfin maki 9.1. Mutane suka fito waje suka zazzauna a ƙasa, don tsayuwa ta gagara. Da ta lafa, na bakin gaɓa suka ga abin da ba su taɓa gani ba: teku ya ja da baya, kifi na ta mutsu-mutsu a kan yashi. Da yawa suka ruga tsinta. Ba a yi rabin sa'a ba tekun ya dawo. A gaɓar yamma, wajen Lhoknga, tsayin ruwan ya kai mita 30. A Banda Aceh ya kutsa kilomita 3 zuwa 4 cikin gari, baƙi ƙirin, ɗauke da motoci da katako da kwanon rufi. Kusan mutum 170,000 suka mutu ko suka ɓace a Aceh kaɗai, rabin miliyan suka rasa muhalli. A wasu ƙauyuka matan da suka rasu sun ninka maza sau uku ko huɗu, domin maza da yawa na tsakiyar teku wurin su, inda igiyar ta wuce ta ƙarƙashin jiragensu, mata kuwa suna gida riƙe da yara.

Da wannan lissafi a kaina na shiga birnin, ina sa ran ganin gari mai takaba. Daren farko direban ya kai ni shagon gahawa a unguwar Ulee Kareng, muka sha wuyar samun kujera. Ɗalibai da kwamfutocinsu, tsofaffi suna musun siyasa, 'yan mata da hijabansu a teburinsu suna dariya, talabijin na nuna ƙwallo. Mai haɗa gahawar yana ɗaga rariyar ƙyalle sama da kansa, ruwan na zubowa zara-zara cikin butar da ke ɗaya hannun, ko ɗigo ba ya ɓacewa. Aka kawo mini wadda suke kira sanger, gahawa mai ƙarfi da 'yar madarar gwangwani. Har sha biyun dare ta wuce wurin bai ragu ba. Direban ya nuna titi da haɓa ya ce, a shekarun baya in an sallame Isha'i ba mai sake leƙo waje a yawancin garuruwan lardin. Na ɗauka maganar tsunami yake yi. Sai bayan kwana huɗu na gane abin da yake nufi.

Da asuba na yi salla a Masallacin Baiturrahman, fari fat, da ƙubbobi bakwai baƙaƙe. Masallacin nan ya saba tashi daga toka. Turawan Holan sun ƙone na asali a 1873 da suka kawo wa daular Aceh yaƙi, kuma a harabarsa aka harbe janar ɗinsu, Köhler. Daga baya su da kansu suka sake gina shi tsakanin 1879 da 1881 don su shawo kan mutane. Ranar tsunami ruwa ya cika harabar da tarkace da gawawwaki, ginin bai faɗi ba, jama'a da yawa suka tsira a cikinsa. Yau harabar shimfiɗe take da farin marmara, an kafa manyan lemomi 12 masu buɗewa da lantarki irin na Masallacin Annabi a Madina, yara na tsere a ƙarƙashinsu ba takalmi.

Wani hali na mutanen nan ya ba ni sha'awa tun a rana ta biyu, wato ba sa ɓoye tabonsu. A unguwar Punge Blang Cut, fiye da kilomita 2 daga gaɓa, akwai jirgin ruwa mai ɗauke da injinan wutar lantarki, nauyinsa tan 2,600, tsawonsa mita 63. Yana ɗaure a Ulee Lheue ruwa ya ɗauke shi kamar ɓawon gyaɗa ya dire shi a kan gidajen mutane. Ba su yanka shi sun sayar da ƙarfen ba. Sun bar shi inda ya sauka, suka sake gina unguwa kewaye da shi, ga shanyar kayan makaranta a inuwarsa, ga mata suna sayar da soyayyar ayaba ga baƙi. A Lampulo kuma jirgin masunta ne na katako zaune a kan rufin wani gida. Mutum 59 suka haye cikinsa suka rayu. Gidan tarihin tsunami da aka buɗe a 2009, wanda Ridwan Kamil ya zana, ana shigarsa ta wani siririn lungu mai duhu, ruwa na gangarowa ta bango biyu, har a kai wani dogon ɗaki mai kama da rijiya, bangonsa cike da sunayen mamata, can sama inda haske ke shigowa an rubuta Allah. Na tarar da 'yan firamare a ciki, malamarsu na nuna musu da yatsa. Mu mun fi saurin sharewa mu ce abin da ya wuce ya wuce, shi ya sa yaron da aka haifa bayan masifa yakan tashi bai san ta ina ta shigo ba.

Inda na fi daɗewa shi ne Lampuuk, tafiyar kamar rabin sa'a daga birni. Duk wanda ya bi labarai a wancan lokaci zai tuna hoton da aka ɗauka daga sama: fili fetal launin taɓo, ba gida ba bishiya, sai farin masallaci guda tsaye a tsakiya. Shi ne Masallacin Rahmatullah, kamar mita 500 daga bakin ruwa. Mafi yawan mutanen garin ba su kai azahar ɗin ranar ba. Yanzu in ka tsaya a ƙofarsa ba ka hango teku saboda gidaje da itatuwan kwakwa. Ƙungiyar agaji ta Jinjirin Wata ta Turkiyya ce ta gina ɗaruruwan gidajen, har yanzu ana ganin wata da tauraro a goshin wasunsu, ko da yake masu gidajen sun ƙara ɗakuna ta baya, sun fitar da shaguna ta gaba, kowa ya shafa fentin da ransa ke so. Zumuncin Aceh da Turkawa tsoho ne. Tun a shekarun 1560 sarkin Aceh ya aika Istanbul neman taimako a kan Turawan Fotugal, kuma maƙabartar Turkawan da suka zo tana nan a unguwar Bitai.

An gyara masallacin tsaf, amma a wata kusurwa ta ciki an bar ginshiƙai yadda ruwa ya bar su, siminti a farfashe, rodi a lanƙwashe. Nan na tarar da wani dattijo bayan Azahar. Ya yi karatu a dayah, irin tsangayarsu ta kwana da ake karanta littattafan fiƙihu, saboda haka da Larabci muka fahimci juna. Na ce, "Teungku, da kuka dawo, ta ina kuka fara?" Teungku shi ne malam a bakinsu. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Ɗan'uwa, da muka sauko daga dutse ba mu gane garinmu ba. Masallacin nan muka sa a gaba, daga ƙofarsa muka riƙa ƙirga taku zuwa inda gidan kowa yake."

Wannan magana ta buɗe mini ido ga aikin da ba a nunawa a hoto. Kafin a aza bulo ɗaya sai an san filin wane ne, ga shi ruwa ya share iyakoki, ya cinye takardu, ya tafi da dattawan da suka san tarihin kowace gona. Abin da suka yi shi ne, waɗanda suka rage a kowane ƙauye suka taru gaban keuchik, wato dagacinsu, suka bi fili-fili da ƙafa. Kututturen kwakwa ya zama shaida, haka bakin rijiya, haka daɓen ɗaki da ruwa bai iya ɗagawa ba. Aka kafa turaku, aka zana taswira, maƙwabci ya sa hannu a kan iyakar maƙwabcinsa, har da iyakar wanda babu kowa nasa da ya rage sai jariri. Kundayen rajistar filaye da aka tsamo daga taɓo kuma aka kai su Jakarta aka daskarar da su don kada su ruɓe, daga baya aka busar da su da taimakon ƙwararru daga Japan.

Sai maganar gado. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san babin waɗanda suka nitse tare ko gini ya faɗa musu tare, ba a san wanda ya riga wani cikawa ba, cewa ba sa gadon juna, kowa rayayyun magadansa ne ke gadonsa. Mukan karanta shi mu wuce, muna ganin mas'ala ce da ba a cika haɗuwa da ita ba. A Aceh, inda ake bin mazhabar Shafi'iyya, wannan babi ya zama aikin kullum na alƙalan kotunan shari'a da limaman ƙauyuka, tare da naɗa waliyyai ga dubban marayu don kada a cinye musu fili kafin su girma. Dattijon ya ce ya zauna irin wannan zama ba adadi. Na dubi hannuwansa a kan carbi, na ji girman ilimin da muke ɗauka na cikin littafi ne kawai.

Kuɗi sun zo, kuma sun zo da yawa, kusan dala biliyan 7 daga ko'ina a duniya. Gwamnatin Indonesiya ta kafa hukuma ta musamman a watan Afrilu 2005, wadda ake kira BRR, ta ɗora Kuntoro Mangkusubroto a kanta. Hedikwatarta a Banda Aceh aka ajiye ta, ba a Jakarta ba, tana da sashen yaƙi da cin hanci a cikinta, ana kuma wallafa ayyukan da masu ba da agaji suka ɗauka don kowa ya gani. An yanka mata wa'adin shekara huɗu, da ya cika a 2009 aka rufe ta. Wannan kaɗai ya isa a jinjina musu, ga wanda ya san yadda hukumar wucin gadi kan rikiɗe ta zama gadon gida. A cikin shekarun nan huɗu an gina gidaje kimanin 140,000, makarantu fiye da 1,700, hanyoyi fiye da kilomita 3,600. Ba duka ne ya yi kyau ba. Na ga gidajen da ciyawa ta cinye saboda an gina su inda masunci ba zai iya zama ba, kuma har gobe Aceh na cikin lardunan da talauci ya fi yawa a Sumatra. Amma na kuma hau tudun Neuheun na ga unguwannin da mutanen Sin da wata ƙungiyar mabiya addinin Buddha ta Taiwan, Tzu Chi, suka gina wa Musulmi, da masallaci a ciki. A filin Blang Padang kuwa an jera alluna masu siffar jirgin ruwa, kowanne da tutar ƙasa ɗaya daga cikin ƙasashe fiye da 50 da suka taimaka, da kalmar godiya cikin harshenta.

Rana ta biyar muka kama hanyar yamma zuwa Calang, kimanin kilomita 150, hanyar da Amurka ta biya kuɗin sake ginawa bayan teku ya cinye tsohuwar da gadojinta. Titi ne mai faɗi, santsi kamar tafin hannu, teku a dama, duwatsu masu duhun daji a hagu, gonakin shinkafa a tsakani inda a dā gishiri ya kashe ƙasa. Shanu na kwance a kan kwalta ba ruwansu da mota. Ina ta yaba titin, direban bai tanka ba. Can sai ya fara nuna mini wurare: nan akwai shingen soja, can gaba kaɗan akwai wani, bayan waccan gada 'yan daji ne ke tare hanya. Ya ce a 2003, da aka kafa dokar soja, an ba mutanen Aceh katin shaida na daban mai launin ja da fari, wanda duk aka kama babu shi ya shiga uku. Ya ce, "Pak, titi ko na zinariya ne, in ba ka isa ka bi shi da dare ba, na wani ne."

Yaƙin ya faro ne a ranar 4 ga Disamba 1976, da Hasan di Tiro ya kafa ƙungiyar neman 'yancin Aceh, wadda aka fi sani da GAM. Babban ƙorafinsu shi ne ana kwasar iskar gas daga Arun, arzikin na tafiya Jakarta, su suna kallo. Shekara kusan 30 ana yi, mutum kimanin 15,000 suka mutu, mafi yawansu fararen hula, ban da waɗanda aka ɗauka cikin dare ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Lokacin da tsunami ta zo, lardin a rufe yake, baƙo ba ya shiga sai da izini. Wata ɗaya bayan ruwan, wakilan gwamnatin Susilo Bambang Yudhoyono da mataimakinsa Jusuf Kalla suka zauna da shugabannin GAM a Helsinki, tsohon shugaban Finlan Martti Ahtisaari yana tsakani. Ranar 15 ga Agusta 2005 aka sa hannu. GAM ta haƙura da neman ɓallewa, ta miƙa bindigogi 840, aka yayyanka su da zarto a gaban jama'a. Gwamnati ta janye sojoji da 'yan sanda fiye da 30,000 da aka turo daga waje, ta saki fursunoni, ta yarda Aceh ta kafa jam'iyyunta na gida, ta kuma riƙe kashi 70 cikin ɗari na kuɗin albarkatun ƙasarta. A zaɓen Disamba 2006 Irwandi Yusuf, ɗan GAM da ke tsare a kurkukun Banda Aceh ranar da ruwa ya rushe shi, ya zama gwamna. Wata guda kafin zuwana, tsohon kwamandan mayaƙan ƙungiyar, Muzakir Manaf, ya ci zaɓen wannan kujera.

Ana yawan cewa tsunami ce ta kawo zaman lafiya a Aceh. Ni ban yarda da maganar a haka ba, domin tana ƙwace wa mutane ladan abin da suka yi. Igiyar nan ɗaya ta faɗa wa Sri Lanka, ta kashe fiye da mutum 30,000 a can, su ma suna cikin yaƙin basasa. Can rigima aka yi a kan rabon kayan agaji, faɗa ya sake ɓarkewa, bai ƙare ba sai a 2009 cikin jini. Ruwa bai sa hannu a takarda ba. Mutane ne suka dubi ramukan Siron suka ji kunyar ƙara ko gawa ɗaya a kai, kowane ɓangare ya haɗiye abin da ya rantse ba zai haɗiye ba. Da ba su yi haka ba, da babu injiniyan da zai kwana a Calang, babu motar siminti da za ta wuce shinge goma lafiya, da gidajen nan 140,000 ma sun zama abin ƙonawa.

A hawan Geurutee, inda titi ke manne da dutse teku na can ƙasa shuɗi shar, akwai rumfunan katako da ake shan gahawa da ruwan ɗanyar kwakwa. Mai rumfar da muka zauna dattijuwa ce, direban na kiranta Mak. Na ɗauka ita ma ruwa ne ya yi mata takaba, ashe mijinta tun kafin tsunami aka fita da shi da dare. Ta gaya mana, shi yana fassara mini, cewa waɗanda teku ya cinye wa gida an gina musu da wuri, su da yaƙi ya cinye wa miji sun daɗe suna jira. Gaskiya ta faɗa. Hukumar binciken gaskiya da sasantawa da aka alkawarta a Helsinki ba ta fara aiki ba sai a 2016, kuma sai a Janairu 2023 shugaba Joko Widodo ya amsa a bainar jama'a cewa an tafka manyan laifuffuka a wurare uku na Aceh. Duk da haka ta ce rumfar nan ce ta kai ɗanta jami'a, don yanzu motoci na wucewa dare da rana. Ta ƙi karɓar kuɗin kwakwata. Ta ce baƙon da ya zo daga ƙasa mai nisa haka ba ya biyan ruwa.

Da muka koma birni na haɗu da wani ɗalibin Jami'ar Syiah Kuala, ɗan tsibirin Simeulue, wanda ya fi Banda Aceh kusa da inda ƙasar ta tsage. A tsibirinsu mai mutum kusan 78,000, bakwai kacal ruwan ya kashe. Dalili kuwa kalma ɗaya ce, smong. A 1907 irin wannan igiya ta hallaka kakanninsu, waɗanda suka tsira suka sa labarin cikin tatsuniya da waƙar reno: in ƙasa ta girgiza, teku ya ja baya, kada ka tsaya tsintar kifi, ka nufi tudu. Shekara 97 kakanni mata suna faɗa wa jikoki, ranar da ta zo kowa ya san abin yi. Ba na'ura, ba jiniya, ba rediyo.

Abin da Banda Aceh ke ƙoƙarin koya ke nan yanzu. A unguwannin bakin teku na Meuraxa, Japan ta gina dogayen benayen tsira, ƙasansu a buɗe don ruwa ya wuce, da hawa mai gangare don tsoho da mai keken guragu. Ko'ina akwai alluna masu kibiya da ke nuna hanyar gudu, a makarantu ana gwajin ficewa. Darasin bai gama zama ba. Da aka yi wata babbar girgiza a Afrilu 2012, mutane sun fi zaɓar mota da babur, tituna suka cushe, benayen kuwa kaɗan suka hau. Su da kansu suke ba da wannan labari, ba su jira an tono musu ba. Na hau ɗaya daga cikin benayen da la'asar, na tarar da yara suna wasa a sama, ƙasa kuma ana shirin taron unguwa. Daga can na hango layin itatuwan ruwan gishiri da aka daddasa a bakin gaɓa don su rage wa igiya ƙarfi, sun riga sun fi mutum tsawo.

Ranar Alhamis 26 ga wata ta cika shekara 20 cif. Masuntan Aceh suna da tsohuwar sarauta da ake kira Panglima Laot, kamar Sarkin Ruwa a wurinmu, mai tsara dokar teku da ranakun da ba a fita su. Tun bayan 2004 aka ƙara wannan rana a cikinsu. Da sassafe na bi ta Lampulo, jirage cike da bakin kogi, an ɗaure su gefe da gefe, ba injin da ke motsi. Wajen ƙarfe takwas jiniya ta yi kuka na minti uku, jama'a maƙil a harabar Baiturrahman ana zikiri. Daga nan direban ya ɗauki iyalinsa muka koma Siron. Mutane sun zazzauna a kan ciyawa ƙungiya-ƙungiya suna karanta Yasin, can gefe wasu 'yan asalin Sin suna zuba furanni, ba wanda ya san a kan wa yake zaune, ba kuma wanda ya ce wa wani matsa. 'Ya'yansa uku, duk bayan ruwan aka haife su. Babbar sunan mahaifiyarsa ya sa mata. Ita ta riƙe Alƙur'anin, shi yana bi da ka, ƙaramin kuma ya gaji ya kwanta a cinyar uwarsa yana tsinkar ciyawa.

Washegari Juma'a ce, ita ma ba a fita su, sai jiragen suka ƙara kwana a ɗaure. Ranar Asabar, kafin jirgina ya tashi, na roƙi direban mu biya ta bakin kogin bayan Asuba. Gari bai gama wayewa ba, ana ta loda ƙanƙara da jarkokin mai, wani yaro da bai wuce sha bakwai ba yana kwance igiya daga turke. Jiragen suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, dogayen goshinsu fente da ja da shuɗi da rawaya, suka bi ta gaban unguwar da jirgin nan ke zaune a kan rufi, suka nufi teku.